Ga Mai Sha'awar Mota Mai Naɗe Rufi

Ƙannena, akwai wata mota da na san tana hana da yawanku barci. Ita ce mai rufin nan da ake danna maɓalli ya ɗaga, ya naɗe kansa, ya shige but, a bar direba daga shi sai sararin samaniya. Kun gan ta a fim, kun gan ta a ayarin ɗaurin aure, yanzu kuma ga ta a waya, dillali ya ɗora hotonta da farashin da wani lokaci bai kai na Corolla mai tsafta ba. Mercedes ce fa, ko BMW, ko Lexus, kujerun fata, taya mai faɗi. Nan da nan zuciya ta hau lissafi: da ita zan riƙa zuwa aiki, in Sallah ta zo kuma in kama hanyar gida.

Ba zan ce kada ku saya ba. Wanda ya nemi halalinsa da guminsa ba mai hana shi ɗanɗana daɗinsa, kuma tuƙi da la'asar sakaliya bayan an ɗauke ruwa, rufi a buɗe, ƙanshin ƙasa yana dukan hanci, daɗi ne na gaske. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a ƙasarmu wannan mota a rufe za ta yi mafi yawan rayuwarta. To a rufe za ku auna ta. Kuma tun kafin ku damu da sunan kamfanin da ya ƙera ta, ku san sunan wanda zai riƙa gyara ta.

Waɗanda suka zana waɗannan motoci mutanen Jamus da Ingila da Kalifoniya suke tunani, masu ɗokin rana. Mu rana ba ɗokinta muke yi ba, gudunta muke yi. Daga Maris zuwa Mayu, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi kan haura digiri 40. Wanda ya buɗe rufi da azahar a wannan lokaci sitiyari zai ƙona masa tafin hannu, kujera ta gasa masa baya, sanyin esi kuwa ya bi iska. Damina ta faɗi, hadari ba ya sallama. Hunturu ya zo, ƙura ta shiga ido, ta shiga hanci, ta kwanta a duk wata gaɓa ta rufin. Abin da ya rage maka shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, da dararen bazara, da safiyar Jos ko Mambila in ka samu zuwa. A cikin gari kuma, a tsakiyar cunkoso, hayaƙin A-daidaita-sahu za ka shaƙa, ga masu ƙwacen waya ka sauƙaƙa musu aiki. Hularka ma, in ba ka cire ta ka ajiye ba, kafin ka kai giya ta uku ta zama rabon wani.

Arahar da ta ja hankalinka tana da dalili. Mercedes SL500 ta 2003 sama da dala dubu 80 aka sayar da ita sabuwa a Amurka. Shekaru sun karya farashin motar, amma ba su karya farashin kayan gyaranta ba: famfon da aka ƙera don motar attajiri har gobe kuɗin attajiri ake sayar da shi, kuma da dala ake shigo da shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan da ya biyo baya, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Masu doki sun daɗe da sanin cewa ba ranar saye ake gane mai iya riƙe doki ba, sai an shiga rani ana neman harawa. Shawarata, in kuɗin da ke hannunka iya na sayen motar ne cif, ba ka isa sayenta ba tukuna. Ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na farashinta ka ajiye gefe don shekarar farko. Bashi kuwa, a kan irin wannan mota, kada ma ka fara.

Rufin iri biyu ne, na yadi da na ƙarfe. Na yadi ya fi sauƙin nauyi, bai cika cinye but ba, gaɓoɓinsa ba su kai na ƙarfe yawa ba. Ba kuma tamfol ba ne kamar yadda wasu ke zato. Na Mercedes E-Class mai naɗe rufi, wadda aka yi daga 2010 zuwa 2017, yadi ne mai hawa-hawa da ke tare ƙara, yana buɗewa cikin daƙiƙa 20, ko da motar na tafiya a hankali, ƙasa da gudun kilomita 40. Amma ranarmu ba ta raga wa yadi. Tana cin launinsa, tana busar da zaren ɗinkinsa, tana sa gam ɗin da ya riƙe gilashin baya ya saki. Kuma reza ɗaya ta ishi ɓarawo. Wanda ba shi da rumfa a gida da wurin aiki, motar da za ta wuni a rana ta kwana a titi, ya haƙura da na yadi.

Na ƙarfe, wanda Mercedes ta farfaɗo da yayinsa da SLK a 1996, in an rufe shi mota ta koma kamar kowace mota: esi na riƙe sanyi, ƙura ba ta samun hanya sosai, ɓarawo sai ya fasa gilashi. Don zirga-zirgar yau da kullum a arewa shi na fi so. Sai dai wannan rufi inji ne mai zaman kansa. Na SL ɗin da na ambata, famfon mai ne ke tura silinda 11, ga ƙananan makunnai birjik da kowanne ke gaya wa kwamfutar motar cewa wannan gaɓa ta iso wurinta, a saki ta gaba. Ɗaya ya yi ƙura ko ya mutu, rufi ya tsaya cak a tsakiyar hanya, bai buɗu ba bai rufu ba. Robobin cikin silindar kuma da shekaru suke bushewa, zafi na hanzarta su, sai mai ya fara ɗiga. Wani lokaci a kan kafaɗar farar shaddarka zai ɗiga.

Saboda haka ranar da ka je duba mota, kada ka bari dillali ya buɗe rufin sau ɗaya, ya yi murmushi, ya ce ka gani ai lafiya lau. Karɓi makullin. Ajiye motar a wuri mai daidai, injin na aiki, ka buɗe ka rufe, ka sake, ka kuma sakewa. Kasa kunne: famfo mai lafiya muryarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, wanda ya gaji kuwa yana nishi, rufin na tafiya yana cijewa. Dubi ɓangarorin biyu ko tare suke tashi. In ya rufe, gilasan ƙofa su hau su manne da roba ba tare da ka taimaka musu da hannu ba. Sannan ka buɗe but, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka sa hannu. A yawancin irin waɗannan motoci famfon rufi a can baya yake zaune, wasu har da batir da akwatunan lantarki. In yatsanka ya taɓo danshi, ko maiƙo, ko ka ji warin rima, ko ka ga tsatsa a kan ƙusoshi, motar ta riga ta gaya maka abin da dillali bai faɗa ba. Daga nan ku wuce wurin wankin mota, kai ka biya. Zauna a ciki, a sakar mata ruwa ta sama da ta gefe, ka zuba ido a kusurwar da rufi ya haɗu da gilashin gaba. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan, yi masa godiya ka kama gabanka.

Akwai ƙananan magudanan ruwa a inda rufi ke kwanciya, da ya kamata su zubar da ruwan sama ƙarƙashin mota. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya suna toshe su, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya gangara kan lantarki. Da yawa daga motocin da ake cewa aljanu sun shiga wayarsu, asalin ciwon nan ne.

Wani abin da ba a gani a hoto: rufin mota na cikin abin da ke ɗaure jikinta. In aka yanke shi, dole a ƙara ƙarfe a ƙasa da gefe, shi ya sa BMW 3 Series mai naɗe rufi ta fi 'yar'uwarta mai rufin dindindin nauyi da kusan kilo 200. Nauyin nan mai yake sha, taya da birki yake ci. Duk da ƙarin ƙarfen, a hanya mai gargada za ka ji gaban motar na rawa, madubi na karkarwa. A titin Abuja ba za ka lura ba. Hau da ita layin unguwa da damina ta cinye, ka ji ko za ka iya zama da wannan rawar kullum. Ka kuma gwada ta a kan tudun rage gudu irin wanda mutanen unguwa ke ginawa da kansu, da mutum biyu a ciki, domin waɗannan motoci a ƙasa suke, ƙarƙashinsu kuwa akwai tukunyar baƙin mai.

To wacce za a saya? SL mai lambar R230, ta 2001 zuwa 2011, ita ce ta fi kyau a ido, ita ce kuma na fi ji muku tsoro. Manyan cikinsu, irin SL500 da SL55, ba a kan shokazoba irin wanda bakanikenku ya sani suke tsaye ba. Wani tsari ne da ake kira ABC, mai ne ke ɗauke da motar da matsin da ya kai kusan bar 200, alhali iskar tayarka ba ta wuce biyu da 'yan kai ba. In yana da lafiya mota na shan kwana ba ta karkata. In tiyo ɗaya ya fashe, ka fito da safe ka tarar ta durƙushe a kan tayoyinta, mai ya malale a ƙasa, ba ta tafiya ko nan da can sai an ɗauke ta. Birkinta ma na lantarki da famfo ne, SBC, wanda ya ba kamfanin wahala har ya cire shi daga E-Class a 2006. Mota ce ta wanda ke da wata motar, da bakanike na musamman, da haƙuri. Ba ta zuwa aiki kullum ba ce.

BMW 3 Series mai rufin ƙarfe, E93, ta 2007 zuwa 2013, ta fi duka daɗin tuƙi a ganina, kuma mutum huɗu na iya shiga in na baya ba dogaye ba ne. In ita ranka ya kwanta da ita, nemi 328i mai injin N52, marar turbo. 335i ta farko mai injin N54 da turbo biyu ta fi gudu, amma ta yi suna wajen matsalar famfon fetur, kuma injin da ke fesa mai kai tsaye da matsi mai yawa ba ya yafe gurɓataccen fetur. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da fetur mai sinadarin methanol fiye da kima ya shigo ƙasa ya kwantar da motocin mutane. 328i da 335i dukansu biyu famfon ruwansu na lantarki ne, yana mutuwa ba gargaɗi, injin ya ɗau zafi cikin mintuna. Wanda ya saya, ya canza shi tun yana gida, kada ya jira ya mutu masa tsakanin Zariya da Funtuwa. Ba ta kuma da sandar auna baƙin mai, sai dai ka tambayi kwamfuta.

E350 mai rufin yadi ita ce ta doguwar tafiya: laushi, shiru, kujerun baya na gaskiya. Mercedes kuma tana da masu gyara a Kano da Kaduna da Abuja fiye da yawancin motocin Turai. Wasu E350 ɗin har da bututun da ke hura iska mai ɗumi a wuyan direba, abin da zai ba Basakkwace dariya, amma mutumin Jos a Disamba ya san amfaninsa. In kuɗinka ya fi kusa da yayarta, CLK ta 2003 zuwa 2009, ka kula da injin V6 mai lambar M272 na shekarun farko, wanda wani haƙori a cikinsa ke cinyewa da wuri, gyaransa kuwa sai an sauke injin.

Amma in ƙanena na ciki ɗaya ya tambaye ni, Lexus zan nuna masa. Ba don ta fi burgewa ba. SC430, ta 2001 zuwa 2010, har masu shirin motoci na Top Gear a Ingila sun taɓa yi mata lakabin mota mafi muni a tarihi, saboda siffarta da yadda take tuƙuwa. Su da ke da garejin kamfani a kowane gari suna iya wannan raha. Injinta V8 ne mai lita 4.3, irin na LS430, injin da ke tsufa bai gaji ba, muddin an canza bel ɗin taimin kusan kowace mil dubu 90. Aibinta a fili yake: tana shan mai, kujerun bayanta na ajiye jaka ne, but ɗinta in rufi ya shiga ba ya ɗaukar abin kirki. Ƙanwarta IS mai naɗe rufi, ta 2009 zuwa 2015, ta fi dacewa da mai zuwa aiki. Ƙananan injinan lantarki ne ke motsa rufinta, babu man da zai ɗiga. Injin da giya da ƙafafu kuwa dangin IS250 ne da ta cika titunanmu, don haka abin da ya lalace a ƙasa za ka same shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo. IS350 ta fi IS250 tsaftar ciki, domin ƙaramar na tara baƙin dauɗa a bakin bawul. Sai dai ka sani, ko a Lexus, gilashin baya da robobin rufi da fitilun baya na wannan samfurin ne kaɗai, sai an yi odarsu. Ɗan acaɓa ya fasa maka fitila, kana iya wata guda kana jira.

Porsche da Jaguar da Audi ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. In a garinku babu wanda ya taɓa buɗe injinsu ya mayar ya tashi, magana ta ƙare.

Sai asalin motar. Kaso mai yawa na tokumbo daga gwanjon Amurka suke fitowa, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Motar da aka daka ta baya, fanabita zai iya miƙe ta ya fesa fenti ta yi kyau, in mota ce gama-gari a zauna lafiya. Mai naɗe rufi kuwa, jikinta ya karkace ko da kaurin yatsa ne, rufin ba zai ƙara zama daidai ba har abada. Ɗauki lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka biya a binciko maka tarihinta a Carfax, ka nemi hotunan gwanjonta a intanet, sau da yawa suna nan. Ka tuna agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil dubu 100 kilomita dubu 160 ne, kuma ana mayar da agogo baya. Wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, kada ka ko zauna a cikinta. Mun koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motar Ingila ko Japan da aka yanka aka ɗinke ba abin dogaro ba ce a gudun kilomita 120. Takardun kwastan kuma ka tabbatar da su da kanka. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, 'yar Kwatano marar cikakkiyar takarda tana iya kai ka shingen kwastan ta kwana can, kai ka ƙarasa a motar haya.

Ka tafi da bakanikenka, wanda kai kake biya, ba wanda dillali ya kira ba. Ya sa mata kwamfuta, ya shiga rami ya leƙa ƙarƙashinta. Ya duba ko ƙarafan kariya da ke bayan kujeru ba su taɓa fitowa ba. Su ne ke harbowa sama in mota za ta kife, dabarar da SL ta 1989 ta zo da ita, mai tashi cikin kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Allah ya kiyaye, amma ranar da aka buƙace su, su da bel ɗin kujera ne kaɗai tsakanin kanka da kwalta.

Doguwar tafiya kuma tana da nata hukuncin. But ɗin E93 lita 350 ne in rufi na sama, ya koma 210 in an naɗe. Ma'ana, ranar da ka loda akwatinka da na uwargida da tsarabar mutanen gida, rufin ba zai buɗu ba ko ka so, ka yi Kano zuwa Abuja, sama da kilomita 400, a rufe kamar kowa. Ba ta zuwa da safaya, tayoyinta irin masu jure faci ne zuwa ɗan nisa, masu tauri, masu tsada, mai faci na bakin hanya kuma ba ya ajiye irinsu. Da yawa kan mayar da taya gama-gari su sayi safaya, ita kuma ta cinye rabin but ɗin. Kafin ka biya kuɗin mota, kawo akwatin da kake tafiya da shi ka gwada. Ka kuma yi tunanin hanyar da kake bi. Akwai hanyoyin da a wannan zamani hankali ke cewa kada mutum ya zama abin kallo a kansu, kun san su ba sai na lissafa ba. A shingen jami'an tsaro ma, mai irin wannan mota ya fi kowa shan tambaya.

In ita ce za ta zama mota ɗaya tilo a gidan, ka hango ranar da za ka kai Hajiya asibiti, ƙofa biyu, sai an kwantar da kujera ta sunkuya ta shiga baya da ciwon gwiwarta. Ka hango kujerar jariri. Ga saurayi ko budurwa mai aiki, ba nauyin kowa, tana yiwuwa. Ga magidanci, ta zama ta biyu.

In ka saya, rufin na son motsi. Ko da hunturu, ka buɗe shi ka rufe sau ɗaya a mako a cikin gida, don robobin silinda su sha mai. Goge robobin gefe da tsumma mai danshi, ka shafa musu man roba na musamman, ba baƙin mai ko giris ba, waɗannan cinye roba suke yi. Kada ka naɗe rufin yadi yana jiƙe. Kafin damina ta faɗi a busa magudanan nan. Yawancin waɗannan motoci suna da hanyar rufe rufi da hannu in ya maƙale, an bayyana ta a littafin motar, wasu har da ɗan makullinta a cikin but. Tokumbo kan iso babu littafin babu makullin. Sauke littafin daga intanet, nemi makullin, ka sa bakanike ya nuna maka inda ake sassauta matsin man, ku gwada tare a tsakar gida da rana tsaka. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a kowane gefe, saboda haka wanda kuka saba tafiya tare shi ma ya tsaya ya koya.